Neman takalmi bayan aikin ƙafa

18 Nuwamba 2024

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi min aiki a ƙafar dama. Ƙullutun ƙashin nan ne da ke fitowa a gindin babban yatsa, ya yi ta tura yatsan har ya hau kan na kusa da shi. Na daɗe ina fama da shi, ga koyarwa a tsaye tun safe har azahar, har ta kai duk ƙafa-cikin da na zura sai gefen ƙafar ya yi ja ya ɗuri ruwa. Likita ya yanka dogon ƙashin da ke bayan yatsan, ya mayar da shi mazauninsa, ya ɗaure da ƙananan sukurori biyu. Wato yanzu karaya ce a ƙafata, sai dai an yi ta ne da gangan, kuma ya ce kada in sa ran ƙashi ya haɗe kafin mako shida.

An sallamo ni da takalmin asibiti ƙafa ɗaya. Baƙi ne, faffaɗa, gabansa a buɗe saboda bandeji, da maɗaurai biyu masu mannewa. Tafinsa ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan, kuma dunduniyarsa ta fi gaban kauri sosai, don in na taka nauyina ya sauka a baya, gaban ƙafar ya huta. Doka ɗaya aka kafa min: ko taku ɗaya kada in yi ba tare da shi ba, ko da tsakar dare ne zan zaga.

Na fara wannan rubutu ne saboda na ga kowa maganar aikin yake yi da maganin da za a sha, amma abin da ƙafar za ta zauna a ciki na tsawon watanni ba a cika yi wa mutum bayaninsa ba.

23 Nuwamba

Ƙafar da aka yi wa aiki da sauƙi. Ƙugu da gadon baya ne suka tayar min da hankali. Da na kira ma'aikaciyar gashin ƙashi, tambayar farko da ta yi min ita ce, "Malama, me kike sakawa a ta hagu?" Na ce ba komai, a ɗaki nake. Ta ce to nan matsalar take. Takalmin asibiti ya ɗaga ƙafar dama da kusan santimita uku, ta hagu tana ƙasa, duk takun da na yi ƙugu a karkace yake. Ta ce in nemi takalmi mai kaurin tafi daidai da shi in saka a ƙafar lafiya.

Kambas ɗin babban ɗana ne ya yi daidai. Aka wanke tafinsa tas, ya zama na cikin ɗaki kawai. A gidajenmu shiga ɗaki da takalmi abu ne da ido ba ya so, balle taka darduma, kuma na lura 'yan dubiya suna kallon ƙafata kafin su kalli fuskata. Gwaggo ma sai da ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, har kan kafet?" Na yi mata bayani, ta ce Allah ya sawwaƙe, lalura ce. Na asibitin, tunda shi kaɗai ne, akwai tsumma da ruwa a bakin ƙofa, duk wanda ya rako ni daga tsakar gida sai ya goge min tafinsa. Wata ta ba ni shawarar in riƙa ɗaura masa leda in zan fita. Ban ɗauka ba, leda a kan tayil santsi ne, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta ɓata aikin gaba ɗaya.

Tsuguno ba ya yiwuwa, domin shi ne ya fi komai lanƙwasa gindin yatsa. Maigida ya samo kujerar nan mai rami a tsakiya. Wajen alwala ina wanke ta hagu, in yi shafa a kan bandejin ta dama kamar yadda malamai suka karantar. Sallah kuma a kan kujera, bisa hadisin Imrana ɗan Husaini: ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune.

29 Nuwamba

An cire zare. Wurin ya kame, babu ruwa, babu wari. Kumburi ne kawai, yatsun sun yi suntum. An ce in ci gaba da ɗaga ƙafar sama da ƙirjina in ina kwance, matashi biyu ko uku. An kuma ja kunnena: in sha-raɓa ta fara ciwo tana zafi tana kumbura, ko numfashi ya yi min wuya, kada in jira ranar da aka ba ni, in taho nan take, domin jini kan daskare a jijiya in mutum ya daɗe ba motsi.

8 Disamba

Hunturu ya shigo, yatsun da ke waje suna shan sanyi da asuba. Safar maigida nake sakawa, na datse robar bakin da almakashi don kada ta shaƙe ƙwauri, kuma ina juya ta ciki ya koma waje saboda ɗinkin gaban kada ya goga tabon. Dunduniya ta fara faso tunda ita ke ɗauke da nauyin duka. Man kaɗanya kowane dare, amma ban kai shi kan tabon ba sai an ba ni izini.

Shawarar da na fi ji daga 'yan dubiya ita ce in sayi silifas mai taushi, irin mai kaurin soso, in yar da wannan katakon. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, ni ma kuma da haka na ɗauka, cewa ƙafa mai ciwo taushi take so. Yau na zauna da mai gashin ƙashi ta warware min, kuma ina ganin wannan ne abu mafi amfani da na koya tun da aka yi aikin.

Ta ɗauki silifas ɗin 'yata ta naɗe shi biyu da hannu ɗaya. Ta ce in duba inda ya karye: daidai gindin yatsu, wato daidai inda aka yanka min ƙashi. Duk takun da mutum ya yi, lokacin da dunduniya ta tashi daga ƙasa, babban yatsa yana lanƙwasuwa sama, nauyin jiki kuma ya bi ta kansa. In tafin takalmi mai taushi ne, gaɓar ce ke yin aikin duka. In mai tauri ne, takalmin ne ke ɗaukar aikin, gaɓar ta huta. Na biyu, silifas ba shi da abin da ke riƙe dunduniya, don haka yatsu ne ke damƙe shi a kowane taku don kada ya fice, mutum bai ma san yana yi ba. Na uku, igiyarsa tana ratsawa ne tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, wurin da har yanzu ake saka min ɗan soso don yatsan ya zauna a miƙe. Ta ce taushi a ciki ake so, inda fata ke taɓawa. Ƙasa kuwa tauri ake so.

Tun daga nan na daina jin haushin takalmin asibiti.

26 Disamba

Hoton ƙashi ya nuna ya haɗe, alhamdu lillahi. Likita ya ce in fara komawa takalmin gida a hankali, sa'a ɗaya ko biyu a rana, sauran lokacin in koma na asibiti. Ya nuna min yadda ake gwada takalmi da hannu kafin a saka shi a ƙafa. A kama gaba da baya a matsa: kada ya naɗe a tsakiya, in zai lanƙwasa ma kaɗan ne a can gaba. A murɗa shi kamar ana matse wanki: kada ya murɗu. A danna bayan dunduniya da yatsa: kada ya kwanta. Sannan gaba ya zama mai faɗi da zurfi, yatsu su iya motsi, a bar kimanin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da ƙarshen takalmi.

Da na dawo gida na fito da duk takalmana. Babu wanda ƙafar ta shiga, ko ɗaya.

Bayan magariba, lokacin da kumburi ya fi yawa, na tsaya a kan takarda 'yata ta zagaye min ƙafafuwan biyu da biro. A tsaye ake yi, domin ƙafa tana bajewa in nauyi ya hau ta. Ta dama ta fi ta hagu faɗi da kusan santimita ɗaya. Sai na ɗora takalmin da na fi zuwa makaranta da shi a kan zanen. Zanen ya leƙo ta gefe biyu, har ma a ƙafar hagu da ba a taɓa ba. Shekara da shekaru ke nan ƙafata tana shiga abin da bai kai ta faɗi ba.

Akwai abin da nake so masu irin lalurata su sani game da lambar takalmi. Lambobin nan da muka saba da su, 38, 39, 40, tsarin Turai ne, kuma tsawo suke aunawa: tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku ne na santimita. Faɗin da ke ƙaruwa ɗan kaɗan ne. To mu abin da muka saba, in takalmi ya matse sai a ce ƙaro lamba ɗaya ko biyu. Sai ka samu tsawon ya yi yawa, faɗin bai isa ba, ƙafa tana zamewa gaba tana cusa yatsu cikin matsattsen wurin, dunduniya tana fita a baya. Mai kumburi faɗi yake nema da zurfi.

30 Disamba

Kasuwa, bayan la'asar. Da gangan na zaɓi yamma, domin takalmin da ya yi daidai da safe zai matse kafin magariba. Na yanko zanen ƙafar dama a kwali na tafi da shi a jaka. Duk takalmin da ya burge ni sai in zura kwalin ciki, in ya lanƙwashe a gefe in ajiye, ba sai na wahalar da ƙafa ba.

Layin takalman mata ya ba ni takaici. Kusan duk ƙafa-cikin da ke wurin gabansu a tsuke yake, har waɗanda ba su da tsini. Wani yaro mai shago ya dage, "Hajiya, ki ɗauka, wallahi kwana biyu zai buɗe." Na ce masa, "Ɗana, da ƙafar tawa zai buɗe, ita kuma ba ta da wannan ƙarfin yanzu." Takalmin da bai yi daɗi a shago ba, kada mai tabon aiki ya kai shi gida da fatan zai saki.

Na leƙa wajen 'yan gwanjo, domin a nan ake samun kambas masu ƙwari da sauƙin kuɗi. Sai dai a juya a duba tafin. Yawancinsu dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, cikin kuma ya ɗauki siffar ƙafar mai shi na farko, wanda zai karkatar da takun wanda ya gaje shi. In za a saya, a nemi wanda tafinsa bai ci ba.

A ƙarshe a layin maza na samu. Kambas mai igiya, gaba faffaɗa, saman yadi ne mai laushi babu ɗinki a gefen yatsa, shimfiɗar cikin tana fita. Wannan na ƙarshen yana da amfani: ranar da kumburi ya yi yawa sai in zare ta ta dama in sami ƙarin wuri. Wajen ɗaura igiya ina tsallake hujin da ke saitin tabon.

4 Janairu 2025

Kambas ya magance zuwa makaranta, amma bai magance rayuwa ba. Akwai biki, akwai suna, akwai gaisuwa, inda za ka cire takalmi a ƙofa sau da yawa a yini, ga shi sunkuyawa ɗaura igiya a bakin zauren mutane ba daɗi. Kuma atamfa da mayafi a kan kambas na maza, ni dai ban saba ba.

Don haka yau maigida ya kai ni wajen wani dattijon baduku a Ƙofar Wambai. Sana'ar fata a Kano ba sabuwa ba ce, fatar da aka jeme a nan ta daɗe tana ƙetare Sahara har ta isa Turai da sunan fatar Maroko, kuma har yanzu akwai hannayen da suka gaji aikin. Na tafi da takalmin asibitin don ya gani. Ya juya shi, ya gwada lanƙwasa shi, ya ce, "Hajiya, wannan ai ba wani abu ba ne, tauri ne kawai da faɗi."

Ya sa na tsaya a kan kwali, ya zana kowace ƙafa daban, ya auna kaurin ƙafar da zare a wuri biyu. Na jera masa abin da nake so: kada komai ya ratsa tsakanin yatsu, maɗauri a saman ƙafa da wani a bayan dunduniya, dukkansu masu mannewa don in sassauta in ta kumbura, dunduniya kada ta fi gaba tsawo sai da ɗan kaɗan, gaban tafin kuma ya ɗan ɗago sama yadda ƙafa za ta mirgina ba sai yatsa ya lanƙwasa ba. Wannan na ƙarshen na ga irinsa a wasu takalman gudu na zamani, mai gashin ƙashi kuma ta ce yana rage wa gaɓar aiki.

Shi ma ya kawo nasa sanin. Ya ce ƙirgi zai saka a tsakiyar tafi don tauri, ciki kuma fatar akuya, ita ce mai laushin da ba ta cin fata. Ya ce zai juya ɗinkin duka ya koma waje. Da na ce, "Baba, ka ga ta dama ta fi girma," sai ya ce shi bai taɓa auna mutum ya samu ƙafafunsa biyu daidai ba, kamfani ne kawai ke yin su ɗaya.

13 Janairu

Takalmin ya fito, ja mai duhu, ya yi kyau. Na saka shi a gida na minti ashirin na cire na duba ƙafar, kamar yadda aka koya min. Dalilin dubawar shi ne gefen tabon har yanzu a mace yake, ba na jin taɓawa sosai, don haka takalmi zai iya goge fatar ban sani ba. Na samu jan layi daidai kan tabon, bakin maɗaurin gaba ne ya sauka a wurin. Tafin kuma yana santsi a kan tayil.

An mayar masa. Ya matsar da maɗaurin baya da faɗin yatsa ɗaya, ya manna siririyar roba mai gurzau a ƙasa. Bai karɓi ƙarin ko sisi ba.

21 Janairu

Na koma aiki. Kambas a makaranta, na baduku a unguwa. Kafin tashi ƙafar takan cika takalmin, sai in sassauta igiya a lokacin tara, in ɗora ƙafar a kan ɗan benci a ƙarƙashin tebur. Darasin da zan iya bayarwa a zaune ina bayarwa a zaune. Tuƙi tukuna, tunda ƙafar birki ce, sai ranar da zan iya taka shi da ƙarfi ba tare da na ji tsoro ba. A adaidaita sahu ina zama ta yadda ƙafar dama za ta kasance a ciki, kada wani ya taka min ita wajen shiga.

9 Fabrairu

Gashin ƙashi yana tafiya. Ana kama yatsan ana lanƙwasa shi sama da ƙasa, ina tattaro tawul da yatsu, ina ɗaga dunduniya ina riƙe da bango. Yana da zafi, amma in ba a yi ba gaɓar sandarewa take yi. Na fara sujada a ƙasa, sai dai ban iya kafa yatsun dama ba tukuna, kwantar da ƙafar nake yi.

Wata abokiyar aikina mai ciwon suga ta ga takalmin baduku ta ce ita ma za ta je. Na ba ta kwatance, amma na roƙe ta ta fara nuna wa likitanta ƙafar. Masu suga jijiyoyin ƙafarsu kan mutu, ƙaramar tsakuwa a cikin takalmi ta zama gyambo ba su ji ba, kuma su galibi rufaffen takalmi ake so su saka, su riƙa laluba cikinsa da hannu kafin su zura ƙafa.

Abin da ya fi tsaya min a rai kwanakin nan shi ne ƙafafun ɗalibaina. Tunda idona ya buɗe, a taron safe ƙasa nake kallo. Yara mata da yawa yatsunsu sun leƙo gaban sandal, wasu sun take bayan takalmin saboda ya yi musu kaɗan, ga wasu 'yan aji shida da babban yatsansu ya riga ya fara karkata. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2010 ya nuna kusan kashi 23 cikin ɗari na manya 'yan shekara 18 zuwa 65 suna da wannan ƙullutu, kuma ya fi yawa ga mata. Gado yana da babban hannu a ciki, mahaifiyata ma tana da shi, ba takalmi kaɗai ke kawo shi ba. Amma matsattsen takalmi yana tsananta shi, kuma shi ne ɓangaren da ke hannunmu. Na san halin da iyaye ke ciki, takalmin yaro ba ƙaramin kuɗi ba ne yanzu. Duk da haka na roƙi a ba ni minti biyar a taron iyaye mai zuwa in nuna musu zanen kwali. Ba ya cin ko kwabo, kuma a kuɗi ɗaya ake sayen mai faɗi da matsattse. 'Yata na riga na zana tata, mun cire biyu daga cikin takalmanta.

22 Fabrairu

Da safe ƙafafun biyu kusan ɗaya suke, da yamma ta dama takan ɗan fi. Likita ya ce kumburin irin wannan aiki yakan kai wata shida, wani ma shekara, don haka kada in zuba kuɗi a takalma da yawa yanzu, girman ƙafar bai tsaya ba. Mai tsini kuwa na sallama shi, na raba wa ƙannena waɗanda nake da su, tare da gaya musu abin da na gani.

Azumi ya ƙarato. Abin da nake tunani shi ne tarawihi, tsayuwa mai tsawo ba takalmi a kan siminti. Na gwada tsayuwa babu takalmi a gida, gindin yatsan yakan fara zugi in an jima. Shirin da na yi shi ne in ninka sallaya biyu, in tafi da 'yar kujera mai naɗewa, in yi abin da na iya a tsaye in ƙarasa a zaune. Aikin kicin na buɗa-baki kuma da kambas zan yi shi, an wanke wancan na cikin gida an ajiye a ƙofar kicin.

Na koma wajen Baba na ba shi aikin na biyu, rufaffe wannan karon, saboda damina da kuma Sallah. Ya sake zana ƙafar, sabon zanen ya fi na Janairu tsukewa kaɗan a gefe. Ya ce zai yi saman da maɗauri ɗaya mai faɗi yadda za a iya ƙara matsewa in ƙafar ta ƙara sacewa. Zan karɓa a tsakiyar azumi, kuma zan tafi da shi asibiti ranar da zan koma ganin likita ya duba tafin kafin in fara yawo da shi.